Harshen Baffa

A Dadin Kowa, can gangaren fadama,
inda rake ya fi mutum tsayi,
Baffa Gidado ke da murhu uku
da baƙin kasko mai faɗin tabarma.

Tun kafin ladan ya gyara murya
bijiminmu ya kama zagaye.
Ƙarfe na kuka, rake na shiga,
ruwa kore-kore na tsiyaya a garwa.
Tukar ma ba ma zubarwa,
mu shanya ta yau, jibi ta zama makamashi,
rake ne ke dafa ɗan'uwansa.

Kumfa ta taso, a kwashe da ludayi.
Ta sake tasowa, a sake kwashewa.
Baffa kan ce, mai gyangyaɗi a bakin kasko
gawayi zai kai kasuwa.
In ta yi kauri, ta yi launin ƙasar jigawa,
sai mu jera ƙananan tasoshi a inuwa,
mu zuba, mu bar iska ta ƙarasa.
Ga mazarƙwaila, curi-curi,
ƙudan zuma har ya fara kawo gaisuwa.

A kasuwar Kwadon ba ma kiran ciniki.
Inna Dudu ta ɗauki biyar
don kunun kanwar 'yarta mai jego,
ta ce wannan ce ke mayar da jini.
Wani direban tifa mai tsohon tari
ya ce da citta da masoro yake dafa ta,
maƙogwaronsa ya daina kurza shi da dare.
Masu nakiya, masu alewa,
da yaran da ke lasa har gwiwar hannu.

Saratu, malamar asibiti, ita ma tana saye,
sai dai ba ta tafiya shiru.
Ta ce, gaskiya ne, akwai ɗan abin gina jini
wanda farin sukari ya yar a hanya
garin neman hasken fata.
Amma zaƙi, in ji ta, zaƙi ne,
ko da ya sa baƙar riga.
Muka yi dariya. Baffa ya ƙara mata gyara.

Bara, bayan yankan fari,
wandon Baffa ya fara yi masa yawa.
Buta ba ta kwana da ruwa,
shi ma ba ya kwana a shimfiɗa.
A Gombe aka soki ɗan yatsansa,
aka duba, aka sake dubawa,
aka ce ciwon suga.
Ko lasa, in ji likita.

Bai ce uffan ba a mota
har muka wuce Liji.
Can ya ce, ba da ni yake ba, da taga yake:
ashe mai rijiya ma ana hana shi guga.

Shekara arba'in da ɗaya
harshensa ne ma'aunin gidanmu.
Yanzu da kunne yake dafawa.
Yakan karkata kai, ya saurari kasko
daga tafasar gaggawa
zuwa wannan numfashi mai nauyi, ɓul, ɓul,
irin na tsohon da ya hau tudu.
Sai ya ɗiga kaɗan a ruwan sanyi,
ya murza tsakanin yatsu biyu,
ya miƙo mini.

Sambo, yaya?
Na ce, da saura, Baffa.
Ya ce, ƙarya kake, ta yi,
so kake ka ƙara lasa.
Sauke!

Kuma ta yi ɗin.

Jiya da la'asar, ma'aikata sun watse,
na dawo ɗaukar hulata.
Na same shi tsugune a bakin magudana,
yatsun nan biyu a gaban hancinsa,
ya lumshe ido.
Ya daɗe haka.
Na maƙale bayan tarin tuka, ban yi tari ba.

Daga baya ya tsoma hannun a ruwa,
ya wanke shi a hankali, yatsa-yatsa,
ya zarce da alwala.